Rabin Kitso

Idan kika shigo layinmu a Unguwar Gabas kika tambayi shagon Gwaggo Martina, kafin a nuna miki ƙofar sai an ba ki labarinta. Mai kayan miya na bakin kwalbati zai ce ita ce matar da ba ta miƙa wa kowa hannu a gaisa, sai dai ta ɗaga haɓa. Matan zumunta za su ce a coci, lokacin da kowa ya ɗaga hannuwa ana yabo, nata suna cikin mayafi, ko tafi ba ta yi. A gidan suna ba ta karɓar jariri, leƙawa take yi ta ce Allah ya raya, ta nemi wuri ta zauna. Maman Nedu, wadda take sayar da gashin ƙari a shagon da ke jikin namu, ita tata fassarar a taƙaice take:

"Madam ce. Tun ranar da ta sayi kujerar nan mai juyawa, kan talaka ya fara yi mata wari."

Tsofaffin layin kuwa za su ce miki a da babu hannun da ya kai nata a kitso duk Sabon Gari, har matan malaman jami'a daga Samaru suke shigo mota su zo su yi layi. Amma akwai magana ɗaya da kowa ya yarda da ita, babba da yaro: tun da suke, ba su taɓa jin Gwaggo Martina ta ba wani haƙuri ba.

Ni ce Peculiar, amma Peku ake kirana. Gwaggo yayar babana ce. Ita ta je ƙauye ta ɗauko ni bayan rasuwar Innata, ina 'yar shekara tara, da kayana a cikin baƙar leda. Na zaci makaranta za a sa ni. Washegari ta ɗora ni a kan akwatin lemo don in kai tsawon kujerar, ta sa mini kibiyar kitso a hannu, ta tsaya a bayana tana faɗa mini da baki: tsaga nan, kama ƙasa-ƙasa, kada ki ja. Ba ta taɓa riƙe hannuna ta nuna mini ba. Da baki kawai ta koya mini, kuma na iya.

Mai kitso a bayan mutum take tsayawa, shi ya sa ake mantawa da ita. Mata suna zama a gabana su yi ta zuba, zancen miji, zancen suruka, zancen maƙwabciya, ni dai nawa "to" da "Allah ya kyauta". A haka na girma, kunne a buɗe baki a rufe. Sai da na wuce ashirin na samu Gwaggo ta bar ni na shiga ajin manya a Samaru, da yamma, bayan an rage layi. Wannan rubutun da kuke karantawa ma a can na koye shi, don haka idan kun ga tuntuɓe ku ɗauke kai. Da babban yatsan hagu nake danna shi a waya, za ku ji dalili.

A makarantar na haɗu da Mordecai. Walda yake yi a Chikaji, an kira shi ya gyara ƙarafunan taga. Yana waje yana auna ƙarfe, ni ina ciki ina kokawa da wata kalma a allo, sai na ji an raɗa mini ita ta taga. Na juya, ya yi kamar ba shi ba.

"Malam, satar amsa kake ba ni?"

"Ni? Da ƙarfena nake magana."

Daga ranar ya fara jirana a bakin titi da mashin ɗinsa. Saƙon waya na farko da na taɓa rubutawa da hannuna, ba tare da na roƙi kowa ba, shi na tura wa. Na rubuta: "Na iso gida lafiya." Ya amsa: "Ɗalibata ta ci jarrabawa." Har yau ban goge shi ba.

Ciwon a hankali ya shigo. Da farko ɗan yatsana na ƙarshe da na kusa da shi, a hannun dama, su ne suke mutuwa idan na daɗe a tsaye ina kitso. In yarfe hannun, ya dawo. Daga baya sai wani zafi ya riƙa tasowa daga gefen wuyana, ya bi ta kafaɗa, ya gangara ta cikin dantse kamar an zare waya mai zafi an ja ta har yatsu. Wani lokacin raɗaɗi, wani lokacin kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fata. Kofi ya fara suɓuce mini. Shanya ta zama aiki, don da na ɗaga hannu zuwa igiya sai ya yi nauyi kamar ba nawa ba.

Na gaya wa Gwaggo. Ba ta ko kalle ni ba.

"Ciwon biro ne. Da kina kitsonki kawai, wa ya ji kin yi ƙorafi? Raki ne, Peku. Shafa man zafi."

Na shafa man zafi har fatata ta saɓule. Na sha ƙwayoyin kemis. Mai ɗori ya murɗa mini kafaɗa na yi kwana biyu ban iya ɗaura zane ba. An ɗora mini hannu an yi addu'a. Sai malamar ajinmu ce, da ta ga biro ya faɗi daga hannuna ina tsakiyar rubuta sunana, ta matsa mini in je babban asibiti. Aka yi hoto, aka yi gwaje-gwaje, aka yi ta tura ni daga wannan ƙofa zuwa waccan, har na faɗa hannun likitar gashin ƙashi, wata Bayarabiya haifaffiyar Sabon Gari da ake kira Sista Adunni. Hausarta ta fi tawa gudu.

Ta sa ni na ɗaga hannuwa biyu kamar wadda 'yan sanda suka tare, ta ce in riƙa dunƙulewa ina buɗewa. Ban je ko'ina ba hannun dama ya yi fari, ya faɗo da kansa.

"Sana'arki?"

"Kitso."

"A tsaye, hannu a sama, tun safe?"

"Tun ina ƙarama."

Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, thoracic outlet syndrome, ta rubuta mini shi a bayan katina. Da ta ga ban gane ba sai ta kama yatsana ta ɗora a kan ƙashin nan da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa.

"Kin san lungun 'yan tumatir a kasuwa? Jijiyoyin da suke tafiya hannunki ta wani lungu irinsa suke bi, tsakanin wannan ƙashin da haƙarƙarin farko. Naki lungun ya tsuke. Duk lokacin da kika ɗaga hannu kika daɗe, kamar an shigo da baro biyu ne a lokaci ɗaya. Jijiya ce ake matsewa, shi ne take kuka har yatsu."

"Yana warkewa, Sista?"

"Ana lallaɓa shi. Wasu sukan ji sauƙi sosai, wasu sai an yi aiki, amma ba da aiki ake farawa ba. Akwai mai irinsa a gidanku?"

Na ce babu. Har ga Allah abin da na sani ke nan.

Ta koya mini abubuwa. In karkatar da kai gefe a hankali in miƙar da jijiyar wuya. In ja kafaɗuna baya kamar zan matse lemo a tsakaninsu. In yi numfashi da ciki, ba da ƙirji ba. In daina rataya jaka a wannan kafaɗar, in daina ɗaukar bokiti da hannun, in daina kwanciya da hannu a ƙarƙashin kai. Tsumma mai ɗumi a wuya safe da yamma. Aka ba ni wani magani da ke rage raɗaɗin, sai dai yana sa ni jin kamar kaina na cikin auduga. Sannan ta zo kan babbar magana.

"Gwiwar hannunki kada ta wuce ƙirjinki idan kina aiki. Ki zauna a kujera, mai kitson ta zauna a ƙasa. Ki riƙa hutawa."

Na yi dariya ban shirya ba, hawaye na biye. Haka Innata take yi mini kitso a ƙauye, tana kan turmi a kife, ni ina ƙasa, kaina a kan cinyarta. Wato duk wannan yawon asibitin, wurin Inna aka mayar da ni.

Na sayo tabarma da 'yar kujera. Ranar da Gwaggo ta gan su sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Shagona ne zai koma gindin bishiya?"

Kujerar nan mai juyawa ita ce alfaharinta. Baƙar fata ce, da ƙarfe mai sheƙi a ƙasa, ga babban madubi a gabanta. Kullum da safe sai an goge ta. Amma da ta ga ina gama kai biyu a tabarma ba tare da na fita bayan shago na yi kuka ba, sai ta kawar da kai. Ta ce ɗalibai da yara su zauna a ƙasa, manyan mata kuwa kujera. Da haka na samu sauƙi. Ciwon bai tafi ba, amma mun san juna. Na san abin da ke tayar da shi, na san yadda ake ba shi haƙuri.

Sharaɗi ɗaya Gwaggo ta kafa mini, ranar da Mordecai ya ce zai turo manyansa.

"Kada ki kuskura ya ji. Ko shi ko uwarsa. A ɗaura aure tukuna."

"Gwaggo, ƙarya ke nan."

"Wa ya ce ki yi ƙarya? Shiru na ce ki yi, kuma kin iya. Uwarsa ba fuskarki za ta duba ba. Za ta duba ko za ki iya tuƙa tuwo, ki goya ɗa, ki ɗebo ruwa. Kina so a ce ya kwaso mai mataccen hannu?"

Bari in faɗa muku gaskiya, ga ta: ba tsoron Gwaggo kaɗai ya rufe mini baki ba. Ni ma ina tsoron. A kan mashin da hagu nake riƙe rigarsa. Idan ya miƙo mini lemo da hagu nake karɓa, ya ce, "Ke bahaguwa ce ashe?" in yi murmushi. Sau da yawa na rubuta masa, "Akwai maganar da nake so mu yi," sai in goge in tura, "Ka ci abinci?"

Ana cikin haka saƙonsa ya shigo wata Laraba da rana.

"Mama ta ce za ta zo kitso wurinki jibi. Suna da taron zumunta ranar Asabar."

"Kitso kawai?"

"Kitso da kallo. Kada ki ji tsoro, ba ta cizo. Ta daina tun da ta yi ritaya."

"Me take so?"

"Ƙanana. Ta ce ta ji labarin hannun gidanku."

Mahaifiyarsa tsohuwar malamar firamare ce a Samaru, kowa Malama yake ce mata. Ban taɓa zama da ita ba, sai gaisuwa daga nesa a wani biki. Na kai wa Gwaggo wayar. Ta sa na karanta mata sau biyu, sannan ta aiki Maman Nedu ta sayo sabon tawul.

Ranar Juma'a na tashi na yi duk abin da Sista ta koya mini. Na gasa wuyana, na miƙar da shi, na ja kafaɗu. Maganin ne ban sha ba, don kada Malama ta yi mini tambaya in tsaya ina lalube. Na sa atamfata mai ganyen kuka, ruwan ƙasa da shuɗi, na ɗaura kallabi ƙarami. Gwaggo ta sha leshi fari kamar mai zuwa ɗaurin aure, mayafinta a kafaɗar dama kamar kullum. Da na shigo shago sai na ga babu tabarmata, babu 'yar kujerata.

"Gwaggo, ina tabarmar?"

"Na ɗaga."

"Ƙanana fa take so. Ba zan kai ba a tsaye."

Ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Ki zaunar da surukarki a ƙasa, ke kina sama, ki cusa kanta tsakanin gwiwoyinki? A ranar farko? A gidan wa aka taɓa yi? Ki daure, Peku. Yini ɗaya ne."

Malama ta iso da hantsi a Keke. Doguwa ce, ta fi ni da kai guda, ga tabarau mai igiya, ga zanen zumunta a cikin jaka za ta kai wa tela. Na durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Mama. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Tashi, tashi. Ke ce kika hana ɗana cin tuwona?"

Gwaggo ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, ta juya mata kujerar. Malama ta hau, ta zame ɗankwali. Gashi ne cike da kai, furfura ta ratsa shi, mai laushi da santsi, irin wanda sai an kama shi da ƙarfin yatsu. Da ta zauna, tsakiyar kanta ya zo mini daidai haɓa. Na kalli madubi, na ga Gwaggo tana kallona. Na ɗaga hannuwa.

Layukan farko sun tafi lafiya. Shuku take so, ƙanana, su hau su haɗu a tsakiya. Tana ta hira, kuma ba irin hirar da na ji tsoro ba ce. Ta tambaye ni ajin da nake, da yawan matan da ke ajin, ta ce ita ma uwarta ba ta taɓa riƙe biro ba. Ta ba ni labarin yadda Mordecai yana yaro ya kwance rediyon babansa ya kasa mayarwa. Maman Nedu ta leƙo ta ce, "Malama, wannan yarinya ba ta da baki, sai hannu. Idan kun ɗauke ta, ni zan bi ku Samaru." Aka yi dariya.

Ni kuwa yatsuna biyu sun riga sun tafi. Na san matakan kamar yadda na san hanyar gida. Bayan yatsu, sai tururuwa. Bayan tururuwa, sai wayar nan mai zafi. Na riƙa sauke hannu kamar zan lakato mai, in ƙirga numfashi, in mayar. Gumi ya jiƙa mini baya. Kibiya ta suɓuce ta faɗi.

"Santsin mai ne," in ji Gwaggo da sauri.

Na ɗauka. Na gama gefen hagu duka, layi-layi, tsaf, ko ni na san ya yi kyau. Malama ta juya kai a madubi ta ce, "Ashe ba ƙarya aka yi mini ba." Na zagaya gefen dama, na tsaga, na raba gashin uku. Na ce wa yatsuna su kama. Ba su kama ba.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Hannun yana nan, ina ganinsa, ya yi fari ya yi sanyi, amma kamar na aika yaro ya ƙi zuwa. Na sake gwadawa. Silin gashin ya zame. Zafin ya doki wuyana har sai da na ga duhu-duhu, hannun ya sauko da kansa ya bugi kafaɗar Malama.

Ta kama shi. Ta juyo da kujerar gaba ɗaya tana riƙe da shi.

"Hannun nan ƙanƙara ne. Me ya same ki?"

"Gajiya ce, Malama," in ji Gwaggo. "Jiya ta yi kai huɗu."

Malama ba ta kalle ta ba. Ni take kallo ta saman tabarau, irin kallon da na tabbata ta yi wa yara da yawa. Na saba a yi magana ina ji. Ranar aka yi shiru ana jirana.

"Ba gajiya ba ce, Mama. Ciwo ne. Jijiya ce take matsewa a nan." Na nuna mata da hagu. "Ina zuwa asibiti. Idan na zauna na yi aiki hannu a ƙasa, ina iyawa. A tsaye ne ba na kaiwa."

"Ya daɗe?"

"Ya kwana biyu."

"Mordecai ya sani?"

"A'a, Mama."

Ta saki hannuna a hankali, ta ɗora mini shi a kan cikina kamar abin da zai fashe. Ta juya ta kalli kanta a madubi, rabi a kitse, rabi a tsaye.

"To. Martina, gobe da sassafe motarmu za ta tashi. Zo ki ƙarasa mini. Ai an ce ke ce uwar sana'ar."

Gwaggo ba ta motsa ba.

"Bari in kira wata yarinya a layin baya, Malama, tana da..."

"Ba na son hannu uku a kaina. Ke dai."

Na zuba wa Gwaggo ido. Sai a lokacin na lura tun da nake a gidanta ban taɓa ganin tafin hannunta na dama a fili ba. Ta zame mayafin. Ta fito da shi. Tudun naman da ke gindin babban yatsa babu shi, wurin ya lotsa kamar an kwashe da cokali. Yatsu biyu na ƙarshe sun lanƙwashe. Ta ɗauki kibiyar, ta ɗaga hannun zuwa kan Malama, yana rawa. Ta ja tsaga ɗaya, karkatacciya. Kibiyar ta faɗi a siminti, ta gangara ƙarƙashin kujera.

Babu wanda ya sunkuya ya ɗauka.

"Ashe a jini yake," in ji Malama, a hankali, kamar da kanta take magana.

"Likita ba ta ce haka ba, Mama," na ce. Amma na tuna tambayar Sista Adunni, da amsar da na ba ta, sai muryata ta mutu.

Malama ta sauko daga kujerar. Ta ɗauki ɗankwalinta ta ɗaura a kan rabin kitson, ta gyara shi a madubi har ya rufe ko'ina. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Peculiar."

"Na'am, Mama."

"Da kin ce in zauna a ƙasa, da na zauna. A ƙasa uwata ta yi mini kitso har na yi aure."

Ta fita. Na bi ta da jakarta har titi, ta karɓa, ta hau Keke ta tafi. Ban san ko fushi ne ba, ko tausayi, ko sallama ce. Na saba karanta fuskar mata a madubi, amma tata ban iya ba.

Da na dawo Maman Nedu tana tsaye a ƙofar shagonta, bakinta a buɗe, karo na farko babu abin faɗa. Gwaggo ta saki labule. Na zauna a kan benci na rungume hannuna, ina jiran jini ya dawo masa, don dawowar ma da nata zafin take zuwa. Wayata ta yi ƙara, saƙon Mordecai ne.

"Mama ta kira ni. Ta ce in tambaye ki abin da ba ki gaya mini ba."

Kafin in taɓa, wani saƙon ya shigo.

"Na rufe shago. Ina hanya."

Na kifa wayar a cinyata. Daga Chikaji zuwa layinmu ba nisa.

Gwaggo ta shiga ciki. Na ji motsin risho, na ji ƙarar kwano. Ta fito da tabarmata a hammata, ta shimfiɗa ta da ƙafa da hannun hagu, ta jawo 'yar kujerata ta ce in hau. Ita kuma, da farin leshinta, ta zauna a ƙasa a gabana. Ta tsoma sabon tawul ɗin a ruwan ɗumi, ta yi ƙoƙarin matsewa da hannu ɗaya, ya ƙi. Na kama ɗaya bakin da haguna, muka murɗa tare. Ta ɗora mini a wuya, daidai wurin, ba tare da na nuna mata ba.

"Kin san wurin," na ce.

"Na san shi."

"Tun yaushe, Gwaggo?"

"Tun kafin in je ɗauko ki." Ta kalli hannunta a kan cinya. "Kai ɗaya nake yi in kwana ina juyi. Masu zuwa suka fara raguwa. Sai aka aiko Innarki ta rasu, ta bar yarinya mai dogayen yatsu. Na ce wa babanki makaranta zan sa ki."

Ta gyara mini tawul ɗin a wuya, ta ci gaba.

"Ranar da kika zo kika ce mini yatsu biyu, na ƙarshe da na kusa da shi, ban ci abinci ba. Na san abin da ke biye. Idan na ce na yarda ciwo ne, to wa ya ɗora ki a kan akwatin lemo? Sai na ce raki."

"Sista ta tambaye ni ko akwai mai irinsa a gida."

"Ki kai ni wurinta. Ta duba ta faɗi gaskiya, ko a jini yake ko a kujerar nan yake, a gaya wa Malama. Idan yaron nan ya iso kuma, ni zan fara magana. Ni na ce ki yi shiru."

"Ni ma na so shirun, Gwaggo."

"Ke yarinya ce mai tsoron rasa miji. Ni na san abin da nake yi."

Daga bakin layi na jiyo ƙarar mashin. Na san tasa a cikin dubu, tana da wani tari idan ya rage gudu a kwalbati. Na yunƙura zan tashi, Gwaggo ta riƙe ni. Da hannun dama ta riƙe ni, wannan da ba ta taɓa miƙa wa kowa ba. Ba shi da ƙarfi ko kaɗan, da na ja da ya sake. Ban ja ba.

Mashin ɗin ya mutu a ƙofar shago. Labule bai kai ƙasa ba, ina ganin takalmansa, ga kuma silifas ɗin Maman Nedu a gefe. Gwaggo ta san suna ji. Ba ta rage murya ba.

"Peku, na cuce ki. Na ci hannunki, na hana ki kuka. Ki yi haƙuri, 'yata. Ki yafe mini."